Issa Hayatou da shekaru 29 a kan kujerar CAF: da wane ma'auni za a auna shi?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun ranar 8 ga Agusta 2024 da aka sanar da rasuwar Issa Hayatou a birnin Paris, ana saura kwana ɗaya ya cika shekara 78, nake son mu zauna mu tattauna rayuwarsa a natse. Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da na riƙa ji a lokacin kashi biyu ne: masu cewa uban ƙwallon ƙafar Afirka ya tafi, da masu jefa shi cikin kwando ɗaya da gurɓatattun shugabannin FIFA. Ina ganin kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci.

Ga wanda bai san asalinsa ba, an haife shi a Garwa da ke arewacin Kamaru a 1946, a gidan sarautar Lamiɗo. Ɗan tseren mita 400 da 800 ne, ya buga ƙwallon kwando, ya kuma koyar da motsa jiki a makaranta. Yana ɗan shekara 28, a 1974, ya zama babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, daga baya ya shugabance ta, sannan a watan Maris 1988 aka zaɓe shi shugaban CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, a Kazablanka, bayan rasuwar Yidnekatchew Tessema na Habasha. Bai sauka ba sai 16 ga Maris 2017.

Matsayina shi ne, zarge-zargen kuɗi su ne suka fi yin amo a kafafen yaɗa labarai, amma ba su ne mafi nauyi a kansa ba. Abin da ya fi nauyi shi ne wanda ya aikata a bainar jama'a, da sa hannunsa, babu wanda ke jayayya a kai: hukuncin da ya yanke wa Togo a 2010, da kuma yadda ya riƙa taɓa tsarin mulkin CAF duk lokacin da wani ya nufo kujerarsa.

Ɗan Garwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da ka fara da yi masa addu'a. Ni ɗan garinsu ne, saboda haka kowa na iya cewa son kai ne zai yi magana, amma zan tsaya a kan abin da ake iya ƙirgawa. Ranar da ya hau kujera, gurbi 2 kacal Afirka take da shi a gasar cin kofin duniya. A 1994 suka zama 3, a 1998 suka zama 5, a 2010 kuma ƙasashe 6 suka buga saboda an kawo gasar Afirka ta Kudu. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ya same ta da ƙasashe 8, ya mayar da ita 12 a Senegal a 1992, sannan 16 a 1996. Gasar zakarun kulob-kulob ta koma tsarin rukuni a 1997, kofin Confederation ya zo a 2004, gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a gida ta fara a 2009. Waɗannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Shekara da shekaru manyan kulob-kulob na Turai suna matsa masa lamba ya ɗauke gasar Afirka daga watan Janairu domin kada su rasa 'yan wasansu a tsakiyar kaka, yana ƙi, yana cewa watan Yuni damina ce a yawancin ƙasashenmu. Duk wanda ya san irin ruwan da ake yi a Duwala ko Legas a watan Yuni ya san ba taurin kai ne kawai ba. Mutum ne da ba ya sunkuyar wa Bature da kai, kuma wannan hali ya yi mana rana.

Alhaji na Fagge:
Yaro, ka faɗi alherinsa, kuma ba na musu, amma mu da muka manyanta muna da namu tabon. Makonni kaɗan da zaɓensa a 1988, a wannan gari na Kazablanka, Najeriya ta kara da Kamaru a wasan ƙarshe. Henry Nwosu ya ci ƙwallo da ka, alƙalin wasa ya soke ta, Kamaru ta samu fenareti ta ɗauki kofi da ci 1 da nema. A 2000 kuma, shekarar da muka je filin wasa na Ƙofar Mata muka kalli wasannin rukuni da idonmu, aka sake haɗuwa da Kamaru a wasan ƙarshe a Legas, har aka kai ga bugun fenareti. Bugun Victor Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya faɗa bayan layi, duniya ta gani a talabijin, aka ce ba ta shiga ba. A shagon da muka kalla, wani tela ya zauna a kan benci ya riƙe kansa da hannu biyu har aka kashe janareta bai motsa ba. Sau biyu, kuma duk a gaban shugaba ɗan Kamaru. Ruwa ba ya tsami banza.

Bazazzagi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, zafin nan duk mun ji shi, amma a nan zan saɓa maka. Babu wata shaida da ta taɓa fitowa cewa Hayatou ya umarci wani alƙalin wasa ya danne Najeriya. A 2000 babu na'urar tantance ko ƙwallo ta haye layi, kuma shi kansa Ikpeba ya ɗora hannu a ka kamar wanda ya zubar, abin da ya ƙara rikitar da masu hukunci. Idan muka ɗora masa abin da ba mu da hujja a kai, za mu raunana maganarmu a inda muke da hujja.

Ɗan Zongon Lome:
To, bari in kawo inda hujja take, domin mu a Togo ba a jaridu muka karanta ba. Ranar 8 ga Janairu 2010 motar 'yan wasanmu, a kan hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka, ta tsallaka iyaka daga Kwango zuwa yankin Kabinda na Angola, 'yan tawayen FLEC suka buɗe mata wuta. An kashe mataimakin mai horarwa Amelete Abalo, da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo, da direba ɗan Angola. Mai tsaron raga Kodjovi Obilale ya sha harsashi a gadon baya, aka garzaya da shi Afirka ta Kudu, kuma bai sake tsaron raga ba har yau. Hoton Adebayor yana kuka a ƙofar asibiti babu gidan da bai shiga ba. Gwamnati ta aika jirgi ta kwaso su, aka yi zaman makoki na kwana uku.

Ranar 30 ga wannan wata, ana gobe wasan ƙarshe, muna zaune wurin mai shayi bayan sallar isha'i, rediyo ta ce CAF ta haramta wa Togo shiga gasa biyu masu zuwa, ta kuma ci ta tarar dala 50,000. Mai shayin ya tsaya da buta a hannu, ya ce a ƙara murya, wai ko bai ji daidai ba. Mutanen da ko sadakar arba'in ba a yi musu ba, ana cin 'yan'uwansu tara saboda sun raka gawarsu gida. Ni ban san sunan da za a kira wannan ba idan ba rashin tausayi ba.

Ɗan Garwa:
Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Ba zan ce hukuncin ya yi daɗi ba, amma ya kamata a faɗi dalilin da CAF ta bayar. Dokar gasar ta ce ƙasar da ta janye dab da farawa za a dakatar da ita gasa biyu. Su 'yan wasan sun nuna suna son su buga domin karrama mamatan, gwamnati ce ta ce su dawo, kuma katsalandan na gwamnati shi ne abin da Hayatou ya shafe rayuwarsa yana yaƙa. Haka ya yi wa Najeriya lokacin da Janar Abacha ya hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu a 1996, alhali su ne ke riƙe da kofi, shi ya sa ba su buga ta 1998 ba. Haka ya yi wa Maroko da ta ƙi karɓar baƙuncin gasar 2015 saboda tsoron cutar Ebola. Babba da ƙarami, sanda ɗaya ya yi amfani da ita.

Ɗan Zongon Lome:
Abacha ya janye ne saboda rikicin siyasa da Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa. Mu mun janye ne da gawa biyu a cikin jirgi. Wanda ya kasa bambanta waɗannan biyun, doka ce take riƙe da shi, ba shi ke riƙe da doka ba. Sannan wa ya amince a kai wasanni Kabinda, yankin da kowa ya san akwai masu ɗauke da makamai? Sai da Sepp Blatter, shugaban FIFA na lokacin, ya shiga tsakani aka ɗage hukuncin a watan Mayu na shekarar. Na Maroko ma kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ce ta soke dakatarwar a 2015. Ashe sandar ba ta kan daidai take sauka ba.

Hajiya Lauya:
Ina neman izini in shiga ta ɓangaren da na fi sani, domin ana yawan cakuɗa abin da aka tabbatar da abin da aka yi zargi. Maganganun kuɗi a kansa guda uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

A watan Nuwamba 2010 wani shirin bincike na BBC ya fito da takardar da ke nuna cewa a 1995 kamfanin ISL, wanda ke tallata wasannin FIFA kafin ya durƙushe a 2001, ya ba shi faran 100,000 na Faransa. Bai musa karɓa ba. Ya ce kuɗin na bikin cikar CAF shekara 40 ne. Kwamitin wasannin Olympics na duniya, wanda ya zama mamba a cikinsa a 2001, ya bincika ya kuma tsawatar masa a watan Disamba 2011. Wannan shi ne abin da ya tsaya a kansa, kuma ko da kuɗin sun tafi inda ya ce, shugaba ya karɓi tsabar kuɗi a hannu daga kamfanin da ke neman kwangila aibi ne.

Na biyu shi ne na Katar. A watan Mayu 2011 aka gabatar wa wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya zargin cewa an ba shi dala miliyan 1.5, shi da Jacques Anouma na Kodebuwa kowannensu, domin su zaɓi Katar ta karɓi gasar 2022. Dukansu sun musanta. Matar da ta yi zargin, tsohuwar ma'aikaciyar kwamitin neman Katar, ta janye maganarta, daga baya kuma ta ce matsa mata aka yi ta janye. Babu kotu ko kwamitin da ya same shi da laifi a nan. A kwatanta da namu Amos Adamu, wanda 'yan jarida suka naɗa a ɓoye yana maganar dala 800,000 ta gina filayen roba, FIFA ta dakatar da shi shekara 3 tun kafin a kaɗa ƙuri'ar. Haka nan lokacin da hukumomin Amurka suka sa aka yi kame a otal a Zurich a 2015, sunan Hayatou ba ya cikin waɗanda aka tuhuma, shi ne ma ya riƙe FIFA na wucin gadi daga 8 ga Oktoba 2015 zuwa 26 ga Fabrairu 2016, a tsakiyar wannan lokaci kuma aka yi masa dashen ƙoda.

Na uku shi ne kwantiragin Lagardère, kamfanin Faransa da aka ba haƙƙin tallata wasannin CAF da nuna su na shekara 12, daga 2017 zuwa 2028, a kan dala biliyan 1, ba tare da an buɗe wa kowa ƙofar tayi ba. Tunda hedikwatar CAF a Alƙahira take, hukumar hana danniya a kasuwanci ta Masar ta shiga maganar, kuma a Nuwamba 2018 kotu ta ci shi tarar fam miliyan 500 na Masar, shi da tsohon babban sakatarensa Hicham El Amrani kowannensu. FIFA ta dakatar da shi shekara ɗaya a Agusta 2021, amma kotun wasanni ta soke dakatarwar a Fabrairu 2022. A lura, tuhumar a nan ta toshe ƙofar gasa ce, ba ta sa kuɗi a aljihu ba.

Mai Gidan Kallo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya warware mini abubuwa. Zan ƙara abin da ya same mu a ƙasa. Da sababbin shugabanni suka soke kwantiragin a Nuwamba 2019, mun ɗauka sauƙi ne ya zo. Sai ga wasannin neman gurbin shiga gasar Afirka sun zo, na rubuta su da alli a allon ƙofa, na sayi man janareta, yara sun biya kuɗin shiga sun cika benci, tashar da muke kamawa kuwa ba ta nuna ba, saboda babu wanda ya san a hannun wa haƙƙin yake. Haka na tsaya a bakin ƙofa ina mayar wa kowa kuɗinsa. Ba ina cewa kwantiragin mai kyau ne ba, shekara 12 a hannun kamfani ɗaya ta yi yawa, amma a zamanin tsohon mun san inda za mu kama wasa.

Ɗan Damagaram:
Akwai tambayar da ba a yi ba tukuna: su wa suka riƙa zaɓensa? A CAF ƙuri'ar Nijar daidai take da ta Masar ko Najeriya. Ƙananan hukumomi, waɗanda tallafin CAF da na FIFA ne ke biya musu tikitin jirgi da albashin ofis, ba su da dalilin juya wa mai rabo baya. Faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 16 shi ya buɗe mana hanya har Mena, tawagar Nijar, ta je karon farko a 2012, ta koma a 2013, kuma wanda ya ga yadda Yamai ta kwana ranar da muka samu gurbi ba zai raina wannan ba. Saboda haka a 2000 da 2004 da aka fito takara da shi, ƙuri'un abokan hamayyarsa ko goma ba su kai ba.

Amma wannan tsari shi ne ya ci shi a 2002. Ya tsaya takarar shugabancin FIFA a birnin Seoul da goyon bayan shugabannin Turai, Blatter ya kayar da shi da ƙuri'a 139 da 56, kuma da yawa daga hukumomin Afirka Blatter suka bi, domin shirinsa na Goal yana gina musu ofisoshi da filaye. Wanda ya fi rabo shi ya fi jama'a. Idan za a zarge shi da daɗewa, a haɗa da shugabannin hukumomin ƙasashenmu da suka riƙa ɗaga hannu.

Bazazzagi:
Wannan ya kawo mu kan batu na biyu da na fara da shi. Da a ce ƙuri'a kawai ya riƙa ci, da ba ni da ta cewa. Amma a Satumba 2012, da aka ga Jacques Anouma ya shirya tsayawa, sai aka kira taro a tsibirin Seychelles aka kafa dokar cewa babu mai neman shugabanci sai mamban kwamitin zartarwa mai ikon kaɗa ƙuri'a. Anouma yana zama a kwamitin ne ta dalilin kujerarsa ta FIFA, ba shi da ƙuri'a, saboda haka dokar kamar an auna ta ne da jikinsa. Ya kai ƙara bai yi nasara ba, Hayatou ya wuce babu hamayya a Marrakesh a Maris 2013. A Afrilu 2015, yana da shekara 68, aka cire dokar da ta hana wanda ya kai 70 tsayawa, domin a zaɓen 2017 zai kai. A 2016 aka ƙayyade wa'adi uku, amma lissafin bai haɗa da shekarun da ya riga ya yi ba. Mu da muka ga tazarce iri-iri a siyasar ƙasashenmu mun san wannan salo tun daga nesa.

Illar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba. Shekara 29 bai bar wani ya girma a gefensa ba, duk wanda ya ɗaga kai an danne shi, har ranar da guguwa ta taso a zaɓen 2017 a Adis Ababa babu wani gogagge da ya rage. Sai Ahmad Ahmad na Madagaska, wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, ya kayar da shi 34 da 20, da taimakon Phillip Chiyangwa na Zimbabwe da Amaju Pinnick na Najeriya.

Ɗan Garwa:
Kuma me ya biyo baya, Malam? Bayan shekara biyu FIFA ta turo babbar sakatariyarta ta lokacin, Fatma Samoura, ta zauna a Alƙahira wata shida tana kula da harkokin CAF, abin da ba a taɓa yi wa wata nahiya ba. A Nuwamba 2020 aka dakatar da Ahmad shekara 5, kotu ta rage zuwa 2. A Maris 2021 'yan takarar shugabancin CAF suka janye wa Patrice Motsepe bayan sasantawar da shugaban FIFA Gianni Infantino ya sa baki a ciki. CAF ta mara wa Sheikh Salman na Bahrain baya a zaɓen FIFA na 2016, Infantino ya ci, shekara ɗaya bayan haka Hayatou ya faɗi. A zamaninsa babu wanda ya isa ya zo daga Zurich ya zauna masa a ofis.

Hajiya Lauya:
Gaskiya ne, amma wannan hujja tana da kaifi biyu. Hukumar da ta rikice cikin shekara biyu da tafiyar mutum ɗaya, a kan mutumin aka gina ta, ba a kan tsari ba. Da ya sauka a 2013 ya bar zaɓe na gaskiya tsakanin gogaggu, da wuya a samu ɓarakar da FIFA ta shigo ta ciki.

Ɗan Garwa:
Na karɓi wannan, Hajiya, ko da yake da nauyi a bakina. A Janairu 2022, lokacin da Najeriya ta doke Masar da ƙwallon Kelechi Iheanacho a gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia da ke Garwa, ina cikin filin. Mutane sun zo daga Yola da Mubi da Maiduguri, ana ta Hausa da Fulatanci a kan kujeru kamar ranar kasuwa, garin gaba ɗaya ya koma bayan Super Eagles. A zamaninsa aka ba Kamaru wannan gasa, kuma babu wanda ya yi shakkar dalilin da ya sa Garwa ta samu rukuni. Wannan shi ne Hayatou da na sani, kuma a garin aka binne shi. Amma maganar Togo ba ni da amsar da zan ba ɗan'uwana na Lome. Na sake karanta abin da ya rubuta game da mai shayin nan, na ga cewa dokar da na kawo ba ta isa ta rufe wannan ba.

Ɗan Zongon Lome:
Na gode, ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Ni ma ban ce bai yi aiki ba, kuma a zamaninsa Togo ta je gasar cin kofin duniya a Jamus a 2006, a ɗaya daga cikin guraben nan 5 da ka lissafa. Na yi masa addu'a ranar da na ji rasuwarsa. Abin da muka jira daga CAF a wancan watan shi ne ta tsaya tare da iyalan Abalo da Ocloo, ta ɗauki nauyin Obilale da ke kwance a asibiti a Johannesburg, sai takardar tara ta riga komai isowa Lome.